Daga ina i, j da k suka fito?

Ɗan uwa, in kana shirin konkur na shiga makarantar injiniyoyi, irin EMIG ta Yamai, na san abin da ke cikin kayenka: kibiyoyi ukku, i, j, k, da ƙa'idar ninka bekter da bekter wadda muka hardace a tarminal ba mu san dalilinta ba. Ni ma haka na yi. Lissafin na iya shi, amma da malami ya juya zanen sai in ɓace. Labarin asalinsu ne ya warware mini.

Auna abu mai tsawo, faɗi da zurfi tsohon ilimi ne. Uƙlidis ya ware mashi littattafai ukku na ƙarshe cikin 13 da ya rubuta. A 1637 Descartes ya haɗa zane da aljabara. Amma ninka kibiya da kibiya, wannan kam ba wanda ya iya.

Wanda abin ya hana ma barci shi ne William Hamilton, masanin lissafi na birnin Dublin, ƙasar Ayalan. Ya san lambobin kwamplekis, masu ƙafa biyu, suna juya abu bisa takarda. Sai ya so irinsu masu ƙafa ukku, don sararin da muke ciki. Shekaru yana fama. Shi da kanshi ya ba da labari cewa da safe ƴaƴanshi kan tambaye shi ko ya iya ninkawar, ya ce a'a, tarawa da ɗebewa kaɗai ya iya. Ranar 16 ga Oktoba 1843, yana tafiya da matarshi bakin wani magudanin ruwa, amsa ta faɗo mashi: ƙafa huɗu ake bukata, ba ukku ba. Nan take ya zaro wuƙa ya karce ƙa'idar a jikin dutsen gadar Broom.

Sai dai ya biya farashi. Dole ya yarda cewa i sau j ya ba da k, amma j sau i ya ba da −k. Mu da muka tashi da 3 sau 4 daidai da 4 sau 3, abin kamar saɓo ne. To gwada da hannunka: ɗauki littafi, kifa shi gaba, sannan ka juya shi dama. Maida shi yadda yake, ka fara da dama kafin gaba. Ba zama ɗaya zai yi ba. Ka ga inda alamar ɗebewar nan da ke cinye mana maki ta fito.

Lissafin Hamilton ya yi ma masu aiki nauyi. Mutum biyu suka sassaƙe shi, ba tare da sun haɗa baki ba: Gibbs, malami a jami'ar Yale ta Amurka, wanda ya buga ma ɗalibanshi ƴan takardu a 1881 da 1884, da Heaviside na Ingila, tsohon ma'aikacin wayar tangarahu da bai shiga jami'a ba. Sun tsaga ninkin gida biyu. Guda yana ba da lamba, in ta fito sifiri kibiyoyin sun yi kusurwar dakali. Gudan yana ba da sabuwar kibiya wadda ta tsaya cak bisa shimfiɗar biyun farko. Kusan duk tambayar konkur kan layi da shimfiɗa, ɗayan biyun nan take nema.

Almajiran Hamilton, Tait a gaba, suka ce an yi ma ilimin malaminsu yankan ƙauna. Aka yi ta cacar baki a mujallar Nature bayan 1890. A ganina ba hujja ta raba gardamar ba, aiki ne: masu wutar lantarki sun ɗauki abin da ya fi sauƙin riƙewa. A 1901 Wilson, ɗalibin Gibbs, ya fiddo littafin da ya zama tushen darasinmu.

Karcen wuƙar Hamilton ya goge tuni. A 1958 aka manna allon dutse a gadar, da i, j da k a jiki.