Mohammed Muntari: Haifaffen Kumasi da Ya Ci wa Katar Ƙwallonta ta Farko a Kofin Duniya

An haifi Mohammed Muntari a Kumasi ta ƙasar Gana ranar 20 ga Disamba, 1993. Garin ba baƙo ba ne ga Kanawa, domin tun zamanin fataucin goro kakanninmu suke zuwa can, har suka kafa zango. Wasu kan ɗauka ƙanen Sulley Muntari ne, wanda ya buga wa Inter da AC Milan, amma suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ya koyi ƙwallo a makarantar horas da yara ta Nii Odartey Lamptey, tauraron Gana a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ci a 1991. Shi kansa Lamptey yana yaro ya bar gida, Stephen Keshi ya riƙe hannunsa zuwa Anderlecht ta Beljiyam. Almajirin nasa kuwa gabas ya nufa. A 2012 ya shiga El Jaish, ƙungiyar sojojin Katar, a 2015 ya koma Lekhwiya. Da aka haɗe ƙungiyoyin biyu a 2017 suka zama Al-Duhail, ya yi zaman aro a Al-Ahli ta Doha, ya dawo aka ci lig da shi a kakar 2019/2020 da ta 2022/2023.

Katar ta daɗe tana neman 'yan wasa daga waje. A 2004 ta yi zawarcin Ailton, ɗan Barazil da ke zuba ƙwallaye a Werder Bremen, har sai da FIFA ta taka mata burki, ta ce dole ɗan wasa ya kasance yana da alaƙa ta gaske da ƙasar da zai wakilta. Daga nan aka fi karkata ga ɗauko yara tun ba su yi suna ba. Muntari na cikin irin waɗannan. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya fara buga wa Katar a Disambar 2014 a wasan sada zumunci da Estoniya, ya kuma ci ƙwallo ranar. A watan da ya biyo baya aka je Ostareliya gasar kofin Asiya, Katar ta sha kashi a duka wasanninta uku.

Ba a daɗe ba Almoez Ali, wanda shi ma a waje aka haife shi, a Sudan, ya riƙe gaba. Shi ya ci ƙwallo 9 lokacin da Katar ta ɗauki kofin Asiya a 2019. Muntari ya zama na ajiye, dogon da koci Félix Sánchez kan sako idan wasa ya cije ana son mai sa kai.

A haka aka shiga gasar duniya ta 2022. Najeriya ba ta je ba, Gana ce ta tare mata hanya da kunnen doki 1-1 a Abuja ranar 29 ga Maris. Saboda haka a gidajen kallo irin na Rijiyar Zaki da sauran unguwannin Ungogo, ƙasashen Afirka aka koma goya wa baya. Wasan Katar da Senegal ya faɗo ranar Juma'a, 25 ga Nuwamba, ƙarfe biyun rana agogon Najeriya, ana saukowa daga masallaci. Ikwado ta riga ta doke masu masaukin baƙi 2-0 a wasan buɗe gasa. A filin Al Thumama, Boulaye Dia ya ci wa Senegal kafin hutun rabin lokaci, Famara Diédhiou ya ƙara da aka dawo. Sánchez ya sako Muntari. A minti na 78 Ismail Mohammad ya bugo ƙwallo daga gefen dama, Muntari ya yi tsalle ya ɗara 'yan baya, ya sa mata kai, golan Senegal Édouard Mendy sai dai kallo. Murnar ba ta yi nisa ba, Bamba Dieng ya ci ta uku, aka tashi 3-1. Holan ta ƙarasa su da 2-0, Katar ta zama mai masaukin baƙi ta farko da ta rasa duka wasanninta.

Akwai masu kiran irinsa sojan haya. A ganina kalmar ta yi masa nauyi. Gana ta lokacin tana da Asamoah Gyan da 'ya'yan Abedi Pele, da wuya layi ya zo kan yaron da ke El Jaish. Mu ma mun san irin wannan: Emmanuel Olisadebe, haifaffen Warri, ya zama ɗan Poland a 2000, ya ci ƙwallo 8 a wasannin share fage, ya kai ta gasar duniya ta 2002 bayan shekara 16 rabonta da zuwa. Muntari a Katar ya girma a ƙwallo, a can ya yi shekara goma kafin ranar Al Thumama, kuma ƙwallonsa ce kaɗai ƙasar ta ci a gasar 2022.