Tsarin kason shiga jami'a da kuɗin makarantu masu zaman kansu a Zariya

Tsarin kason shiga jami'a manufa ce ta gwamnatin tarayyar Najeriya wadda take raba guraben karatu a manyan makarantunta ta yadda yankunan da aka bari baya a ilimin boko za su samu rabo. Manufar ta shafi makarantun gwamnati ne kai tsaye, amma tasirinta yana kaiwa ga aljihun makarantu masu zaman kansu, domin ita da tallafin da ke tafiya tare da ita suke yanke yawan ɗaliban da za su rage wa waɗannan makarantu da kuma kuɗin da za su iya nema daga iyaye. Samaru da Sabon Gari a Zariya, inda makarantun tarayya suka yi yawa, suna daga wuraren da ake ganin wannan tasiri a fili.

Asali

A zamanin mulkin mallaka Turawa sun taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa, alhali makarantun mishan sun bazu a Kudu tun ƙarni na 19. Saboda haka lokacin samun 'yancin kai a 1960 akwai tazara mai faɗi tsakanin yankunan biyu a yawan masu ilimin boko. Zariya ta ɗauke da hoton wannan tazara a cikin gari guda. Sabon Gari ya tashi ne bayan zuwan jirgin ƙasa a 1911, ya zama mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa, da yawansu daga Kudu, kuma coci-coci suka buɗe makarantu a can da Wusasa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da dama, ciki har da kwalejin St. Paul ta Wusasa wadda aka sake wa suna Kwalejin Kufena.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ranar 4 ga Oktoba 1962 domin samar wa Arewa ma'aikata masu digiri. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a don ɗaliban Arewa da ba su da takardar babbar sakandare. Kundin tsarin mulki na 1979 ya shigar da ƙa'idar raba daidai a sashe na 14(3), kundin 1999 kuma ya riƙe ta. An kafa Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa a 1996.

Yadda kason yake

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da ɗaukar ɗalibai. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Jihohi 23 ne a wannan jeri, ciki har da Kaduna, Kano, Katsina, Sakkwato da Zamfara, tare da wasu jihohin Kudu kamar Bayelsa da Ebonyi. Ma'aunin shi ne jihar asali, ba launin fata ba kamar yadda aka saba gani a Amurka. Jami'o'i masu zaman kansu suna ɗaukar ɗalibai ta hannun JAMB, amma wannan rabo na kashi uku an tsara shi ne don makarantun tarayya.

Tallafin da ya tsaya a makarantun gwamnati

An haramta jami'o'i masu zaman kansu da dokar soja a 1984, aka sake halatta su a 1993, sannan aka ba uku na farko lasisi a 1999: Igbinedion, Babcock da Madonna, dukkansu a Kudu. A Arewa maso Yamma, Jami'ar Al-Qalam ta Katsina ta fara a 2005, Skyline ta Kano a 2018, Greenfield ta Kaduna a 2019.

Manyan hanyoyin tallafi na tarayya ba sa kaiwa ga waɗannan makarantu. Asusun harajin ilimi, wanda aka kafa a 1993 bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, ya zama TETFund a 2011. Ana tara kuɗinsa daga ribar kamfanoni: kashi 2 cikin ɗari da farko, 2.5 bayan dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023. Dokarsa ta keɓe kuɗin ga jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Haka nan asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Afrilu 2024, ya fara aiki ne da ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai. Ga shi kuma jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digiri na farko, sai kuɗin rajista da hidimomi.

Tasiri a Samaru da Sabon Gari

Ƙaramar Hukumar Sabon Gari tana ɗauke da babban harabar Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, da cibiyar koyar da fasahar sufuri, da cibiyar fasahar fata. A cikin Zariya kuma akwai jami'ar ilimi ta tarayya, wadda a da kwalejin ilimi ce, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ɗan asalin Jihar Kaduna yana iya neman gurbi a jami'ar Samaru ta ƙofa uku: cancanta, kusanci, da jerin jihohi 23. Makaranta mai zaman kanta a wannan yanki tana gogayya ne da maƙwabtan da gwamnati ke biya wa albashi da gine-gine, ita kuwa da kuɗin iyaye kaɗai take biyan malamai, haya, man janareta da kuɗin tantance kwasa-kwasai.

Wannan ya sa masu zuba jari a ilimi suka fi karkata ga abin da manyan makarantu suka bari: firamare da sakandare, cibiyoyin shirya jarrabawar JAMB, kwalejojin kiwon lafiya, da cibiyoyin IJMB, wato jarrabawar share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Kuɗin shigarsu ya dogara ne da ɗaliban da kaso bai kai gare su ba, ciki har da 'ya'yan mazauna Sabon Gari waɗanda aka haifa a Zariya amma takardar asalinsu ta wata jihar ce da ba ta cikin jerin.

Shawarar gwamnati kan kuɗin makaranta ma tana juya kasuwar. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙara kuɗin manyan makarantun Jihar Kaduna a 2021, abin da ya rage tazara tsakaninsu da masu zaman kansu. Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin a Agusta 2023, tazarar ta sake buɗewa. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya durƙusar da masu gidajen haya da masu sayar da abinci a Samaru, ya kuma tura iyaye masu hali zuwa jami'o'in kuɗi.

Tallafin jihohi da haɗarin bashi

Akwai hanya ɗaya da kuɗin cike giɓi ke shiga makarantu masu zaman kansu: gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin ɗalibai. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano, daga 2011 zuwa 2015, ta tura ɗalibai jami'o'i irin su Al-Qalam, Igbinedion, Bells da Crescent. Irin wannan shiri yana cika azuzuwa cikin sauri, amma idan gwamnati ta canja ko biya ya tsaya, bashi yakan taru a kan makarantar, ɗalibai kuma su kasa karɓar takardun shaidarsu.

Kwatanci da Amurka

A Amurka nauyin ya faɗa kan jami'o'i masu zaman kansu ne da kansu. Jami'ar Georgetown, wadda limaman da ke tafiyar da ita suka sayar da bayi 272 a 1838 don biyan bashinta, ta fara ba jikokinsu fifiko wajen ɗauka a 2016, ta kuma yi alkawarin dala 400,000 duk shekara a 2019. Harvard ta ware dala miliyan 100 a 2022. A ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, hukuncin kuma ya hau kan Harvard saboda tana karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A Najeriya makarantu masu zaman kansu ba su ɗauke da wajabcin kaso, kuma ba su da rabo a asusun tallafi.

Muhawara

Masu jami'o'in kuɗi suna neman a saka su cikin TETFund da NELFUND, suna cewa harajin daga kamfanoni masu zaman kansu yake fitowa, ɗalibansu kuma 'yan ƙasa ne. ASUU tana adawa da haka, tana cewa an kafa asusun ne don farfaɗo da makarantun gwamnati, waɗanda su ne mafakar 'ya'yan talakawa. Masu goyon bayan kaso suna ganin tazarar ilimi tsakanin jihohi ba ta rufe ba tukuna, masu suka kuwa suna cewa ma'aunin jihar asali ba ya bambance ɗan mai kuɗi da ɗan manomi a jiha guda.