Tarihin Al'ummomin Dandalin Bidiyo

Al'ummar dandalin bidiyo ita ce jama'ar da ke haɗuwa a intanet saboda wani mai ɗora bidiyo ko wani abin sha'awa guda, har su saba, su laƙaba wa kansu suna, su ƙirƙiri barkwancin da bare ba ya ganewa, alhali yawancinsu ba su taɓa sa juna a ido ba. Abin ya kankama ne da YouTube, wanda Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, tsofaffin ma'aikatan PayPal, suka kafa a Amurka a watan Fabrairun 2005. Bidiyon farko ya hau ranar 23 ga Afrilu: Karim tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego, na daƙiƙa 19 kacal.

A shekarun farko dandalin ƙarami ne, kusan kowa ya san kowa. Mutum kan zauna a ɗakin kwanansa ya fuskanci kyamara, wani ya mayar masa da martani da nasa bidiyon. A 2007 wasu 'yan'uwa biyu, John da Hank Green, suka yi alkawarin shekara guda ba za su aika wa juna saƙon rubutu ba, sai bidiyo. Masu kallonsu suka ɗauki sunan Nerdfighters, suka shiga tara kuɗin agaji duk shekara, kuma 'yan'uwan ne suka kira taron masu bidiyo na VidCon karo na farko a Los Angeles a 2010.

Sai kuɗi ya shigo, zama ya canza. Google ya sayi YouTube a 2006 a kan dala biliyan 1.65, a 2007 aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. A 2012 kamfanin ya koma fifita bidiyon da ya fi riƙe mai kallo tsawon lokaci. Masu wasannin kwamfuta, da ke iya ɗora sa'a guda kullum, suka samu sarari. Masu zanen katun, da ke shafe makonni kan minti biyu, suka ji jiki. Bayan manyan kamfanoni sun janye tallarsu a 2017, aka gindaya sharaɗin mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin tasha ta fara cin riba. Jama'a ne suka raya kasuwar, amma mai fili ke yanke inda rumfa za ta zauna.

Idan aka rufe dandali kuwa, jama'a ba sa watsewa, ƙaura suke yi. Da Twitter ya sanar a 2016 cewa zai rufe Vine, manhajar bidiyon daƙiƙa shida, taurarinta suka kwashi mabiyansu zuwa YouTube da Instagram. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, kafin shekarar ta ƙare YouTube ya buɗe sashen gajerun bidiyo na Shorts a can. Shi TikTok ya zo da wani salo ma: na'ura ce ke zaɓa maka abin kallo, ba sai ka bi kowa ba, don haka zumuncin ya fi ƙulluwa a kan yayi fiye da kan mutum.

A ƙasar Hausa, satar fasaha da tura fim a waya ne suka karya kasuwar faifan CD, Kannywood ta koma ga fim mai dogon zango. Izzar So, wanda ya fara fitowa a 2020 a tashar Bakori TV ta YouTube, na cikin waɗanda suka koya wa jama'a jiran sabon kashi duk mako. Yau mai kallo a Kano da na Maraɗi da na zangon Kumasi duk kashi ɗaya suke kallo a dare ɗaya.