Mizanin DEA na Auna Ƙwazon Ma'aikatu

DEA wata hanya ce ta ilimin lissafi wadda masana ke bi su auna ƙwazon ma'aikatu masu aiki iri ɗaya, kamar makarantu ko asibitoci ko rassan banki, su jera su daraja-daraja, a inda ma'auni guda ba zai wadatar ba. Asalinta daga binciken Michael Farrell ne na shekarar 1957 a Ingila, amma waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idodinta su ne Charnes da Cooper da Rhodes a Amurka cikin 1978, yayin nazarin wani shirin koyar da 'ya'yan talakawa a makarantun gwamnati.

Ga yadda take: akan lissafa abin da makaranta ta ci, wato malamai da kuɗi, a gwada shi da abin da ta haifar, wato ɗaliban da suka yi nasara, sa'an nan a ba kowane ma'auni nauyin da ya fi yi mata adalci, bisa sharaɗin kada makin kowace makaranta ya haura 1. Wadda ta sami 0.8, ma'anarsa da kashi 80 cikin ɗari na abin da ta ci za ta iya wannan aikin.

Da yake sau da yawa ma'aikatu da dama kan yi kunnen doki a maki 1, sai Andersen da Petersen suka kawo gyara a 1993, ta yadda akan auna kowace da sauran ban da ita kanta, har zakaran ya fito. Hukuncin wannan mizani bai wuce tsakanin ma'aikatun da aka gwada ba.