Tarihin Awon Zuciyar 'Yan Wasa

Tun ƙarshen ƙarni na 19 malaman ɗibbu na Turai suke saɓani a kan wata mas'ala, wato shin girman zuciyar da akan tarar a ƙirjin ɗan wasa alamar ƙarfi ce, ko kuwa illa ce mai jiran ranarta. A shekarar 1899 Salomon Henschen, likita a Uppsala ta ƙasar Suwidin, ya auna masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, yana mai dogaro da yatsunsa da kunnensa: yakan ɗora yatsa a ƙirji ya ƙwanƙwasa, inda amon ya dushe ya san nan ce iyakar zuciya. Hukuncin da ya yanke shi ne horo ne ya sa ta girma, kuma girman nata alheri ne. Amma da yake shaidar kunne ba ta kai ta ido ba, jayayya ba ta mutu ba.

Aka yi ta tafiya haka har 1953, sa'ad da likita Inge Edler da Hellmuth Hertz, masanin kimiyya, suka aro wata na'ura daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, wadda asalin aikinta neman tsaga a cikin ƙarfe, suka aika da sauti cikin ƙirji a birnin Lund, amsa-kuwwarsa ta komo tana zana motsin zuciya. Da wannan fasaha Joel Morganroth na Amurka ya bayyana a 1975 cewa masu gudu da ninkaya cikin zuciyarsu ke faɗaɗa, alhali 'yan kokawa bangonta ke yin kauri. Daga bisani Antonio Pelliccia na Italiya, ƙasar da ta wajabta awon 'yan wasa tun 1982, ya auna gwanaye 947, ya sanar a 1991 cewa 16 kaɗai ne kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 13. Daga nan likitoci suka sami mizanin rarrabe zuciyar horo da ta cuta.

Mu ma 'yan Afirka abin bai bar mu a baya ba. Awon likitocin Inter Milan ne ya gano lahani a zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya komo fili. Marc-Vivien Foé na Kamaru kuwa, Allahu akbar, ya faɗi a filin Lyon a 2003, aka tarar ciwon kaurin zuciya ne ajalinsa. Bincike ya kuma nuna cewa bangon zuciyar 'yan wasa baƙar fata ya fi kauri ko da lafiyarsu lau, saboda haka mizanin da aka ɗauko daga Turawa ba ya wadatar da mu. Wajibi ne ƙungiyoyinmu su riƙa kai yaransu awo kafin wasa, likitocinmu kuma su tattara ma'aunin mutanensu.