Daga Kirikasamma Zuwa Fas da Marrakesh

Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ya ƙudura yin hutunsa a Maroko, ya kamata kafin ya nemi biza ya leƙa makarantar allo ta garinsu. Almajirin Kirikasamma yana ɗiga wa harafin fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo guda a sama, kuma da riwayar Warshu yake karatu. Wannan rubutun Magariba ne, ya sha bamban da na Masar. Ashe ke nan matafiyin zai je ne inda karatunsa ya samo tushe.

Ƙasar Haɗeja tana tsakanin Kano da Barno, watau bakin manyan hanyoyin Sahara biyu: ta Kano zuwa Agadas da Gadamas, da ta Barno zuwa Bilma da Fezzan. Ayarin raƙuma kan fita da jar fata da turkuɗi da bayi, ya komo da takarda da alharini da littattafai. Fatar da Turawa suka sa wa sunan Maroko, da yawanta a Kano da Sakkwato aka jeme ta.

A Fas akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. A birnin ne Ibn Ajurrum, mai littafin nahawun nan Ajuruma, ya rasu a 1323. Can kuma zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815. A Marrakesh aka binne Alƙali Iyal, mawallafin Ashafa, a 1149. Can kuma kabarin Jazuli mai Dala'ilu yake.

Amma fa dangantakar ba ta rasa ɗaci ba. A 1591 rundunar Sarki Mansur ta rushe daular Sanwai, daga bisani aka tasa ƙeyar Ahmad Baba na Tambutu zuwa Marrakesh, ya koyar a can, bai komo gida ba sai 1608.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, sai fatauci ya juya kudu, hanyar Sahara ta mutu. Yau jirgin sama kan sauke mutum a Kasabalanka, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Fas ko Marrakesh. Wanda ya tafi da wannan tarihi a ka zai gane abin da idonsa ya gani. Wanda ya tafi ba shi, kasuwa kawai zai ci ya komo.