Kazar Siliki: Tarihin Tsuntsuwar da Ɗan Adam Ya Raba da Tashi

A shekarar 1298, a wani kurkuku da ke birnin Genoa na ƙasar Italiya, Marco Polo ya riƙa zayyana wa abokin zaman jarunsa, Rustichello, abubuwan da ya gano a ƙasar Sin, shi kuma yana rubutawa. Cikin labaran akwai na wani gari a lardin Fujian na yau, inda ya ce ana kiwon wasu kaji baƙaƙe masu gashi irin na kyanwa, waɗanda ke yin ƙwai kamar kowace kaza, kuma suna da daɗin ci. Mutanen Turai da dama sun ɗauki littafin nasa a matsayin tatsuniya, to amma a kan wannan batu yana da gaskiya. Masu bin tarihin kaji sukan ɗauki maganarsa a matsayin bayani na farko da ya isa Turai game da kazar da ake kira siliki a yau, saboda laushin gashinta.

A Sin kuwa ba gashin ne abin lura ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Fatar wannan kaza, da namanta, da ƙashinta duk baƙaƙe ne, shi ya sa sunanta a can yake nufin kaza mai baƙin ƙashi. Li Shizhen, mashahurin likitan zamanin daular Ming, ya ba ta gurbi a cikin kundinsa na magunguna, Bencao Gangmu, wanda ya kammala a 1578 aka kuma buga a 1596, shekara uku bayan rasuwarsa. Har dabarar tantancewa ya bayar: a duba harshen kazar, in baƙi ne to nama da ƙashi ma baƙaƙe ne, kuma ita ce ta fi dacewa da magani. Gundumar Taihe da ke lardin Jiangxi ita ta fi shahara da kiwonta, kuma har gobe romonta na cikin abin da ake dafa wa mai jego da mai murmurewa daga ciwo. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka.

Da ta isa Turai sai matsayinta ya sauya, daga tukunya ta koma abin kallo. Wajen shekarar 1600 Ulisse Aldrovandi, malamin nazarin halittu na Jami'ar Bologna, ya ambace ta a littafinsa na tsuntsaye a matsayin kaza mai ulu. Daga baya aka riƙa ba da labarin cewa dillalai a ƙasar Holan suna gaya wa masu saye wai barbarar kaza da zomo ce ta haifar da ita. A 1874, lokacin da ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta fitar da kundinta na farko na siffofin da ake so a kowane irin kaza, siliki na ciki. Daga nan alƙalan gasa suka shiga tsara mata kama: tukku mai cika, gashi har kan ƙafa, yatsu biyar maimakon huɗu, kunne shuɗi. A Amurka an ƙanƙanta ta har nauyin zakara ya tsaya wajen kilo ɗaya.

Masana kimiyya ma sun same ta da amfani. Charles Darwin ya haɗa baƙin zakara ɗan asalin Sifen da farar kazar siliki, sai ga wani zakara cikin 'ya'yan ya fito da jan gashi mai kama da na kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya. Ya kawo wannan a littafinsa na 1868 kan sauye-sauyen dabbobin gida, a matsayin hujjar cewa daga waccan kazar daji kajin gida suka samo asali. A 1911 William Bateson da Reginald Punnett suka wallafa nazari kan yadda ake gadon baƙin launinta. Sai bayan shekara ɗari cif, a 2011, masu bincike da suka haɗa da Leif Andersson na Jami'ar Uppsala suka gano musabbabin: wani yanki na ƙwayoyin gado mai ɗauke da EDN3 ya maimaita kansa, abin da ke sa ƙwayoyin launi su yaɗu cikin nama da ƙashi. Irin wannan sauyi ne a jikin Ayam Cemani ta Indunusiya. A 2014 kuma wasu masana a Sin suka danganta laushin gashin da wani ɗan sauyi kusa da ƙwayar gado ta PDSS2.

Wannan sauyi na biyu shi ne tushen duk wahalar kiwonta. Gashin tsuntsu yana da ƙananan zare da ke fitowa daga ƙashin gashin, kuma kowane zare yana da 'yan ƙugiyoyi da ke sarƙe shi da na kusa da shi. Sarƙewar ce ke sa gashin ya zama shafaffe, ya tare iska, ruwa ya zame ta kansa. Gashin siliki ba shi da waɗannan ƙugiyoyi. Saboda haka fiffikenta ba ya kama iska, ba ta iya tashi, ruwan sama kuma yana ratsa ta har fata. Halin ba ya bayyana sai tsako ya gaje shi daga uwa da uba gaba ɗaya. A daji da wuya mai irin wannan gashi ta kai ga yin kwanci kafin wani abu ya cinye ta. Abin da ya wanzar da ita ƙarni bayan ƙarni shi ne mutanen da suka riƙa ware masu laushin gashi suna haɗa su da juna.

Ana ganin sakamakon da zarar magariba ta yi. Kazar daji takan hau reshe ta kwana don gudun abin da ke yawo a ƙasa da dare, kuma kajin gida sun gaji wannan ɗabi'a, shi ya sa suke neman wuri mafi tsawo a akurki. Siliki kuwa sau da yawa takan haƙura, ta cure da 'yan uwanta a lungu guda a ƙasa, ko ta shige inda ake yin ƙwai. Curewar tana ba su ɗumi, amma tana da illa: kwana a kan kashi, da ƙuma, da danne ƙarama a ƙarƙashin manya, da sauƙin kamu in wata dabba ta kutso. Gogaggun masu kiwo sukan sauko da sandar kwana zuwa kamar santimita 30 daga ƙasa, su zaɓi mai faɗi, su jingina mata ɗan katako na hawa, sannan su riƙa ɗora kajin a kai da hannu na 'yan kwanaki. Wasu su saba, wasu su ƙi. Waɗanda suka ƙi sai a shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko garin katako mai kauri, a riƙa sauya shi.

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, darasin da aka koya shi ne laima ta fi sanyi kisa. Zafin jikin kaza ya kai wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma busasshen gashin siliki yana riƙe shi. Da zarar ya jiƙe sai ya manne da fata, ɗumin ya tsere. Don haka ake rufa wa filin kiwonta rufi, a toshe iska a daidai inda suke kwana, amma a bar kafofi a sama domin tururin numfashi da warin kashi su fita. Akurkin da aka liƙe ruf yana tara danshi, danshin kuma shi ke jawo daskarewar yatsu da ciwon numfashi. Akan ba su ruwa a mazubi mai ƙaramin baki don kada tukku da gemu su tsoma su daskare, a duba gashin ƙafa saboda taɓo da ƙanƙara da ke dunƙulewa a jiki, wadda ta jiƙe kuma a tsane ta kafin dare. Wasu har rage tukkun suke yi, domin yana tare ido, kuma kazar da ba ta ganin sama ba ta da labarin shaho. Mai kiwonta a ƙasar da hunturu busasshe ne, damina ce za ta fi ba shi aiki.

Duk da wannan ɗawainiya ba a daina kiwonta ba, kuma ba don kyau kaɗai ba. Ƙwanta kaɗan ne, kamar ɗari ko sama da haka kaɗan a shekara, domin ta fi son kwanci. A ƙarni na 20 kamfanoni sun yi ta zaɓen kajin ƙwai da ba sa kwanci, tunda injin ƙyanƙyasa ya karɓi aikin. Siliki ta tsira da wannan ɗabi'a. Takan zauna kwana 21 a kan ƙwan wata kaza, ko 28 a kan na agwagwa, ta kuma reni abin da ya fito kamar nata. Shi ya sa masu kiwon tsuntsayen farauta a Ingila suka daɗe suna ajiye ta, kuma ƙananan masu kiwo da ba su da injin ƙyanƙyasa ko tsayayyar wutar lantarki suke nemanta har yau.